Awon Ƙafar Dogo

12 ga Fabrairu

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Umma da 'yarku, ƙanwata Auta. Yaya gwiwar? Inna ta ce har yanzu kana shiga ƙarƙashin mota kamar ɗan shekara ashirin, sai an zo tashi a ji kana salati. Ni lafiyata lau, in ban da mura da iskar teku ta saka ni, ita ma ta wuce. Na so in kira ka a waya, sai na tuna ƙarar inji ta gama da kunnenka, wancan karon duk tashar nan sai da ta ji hirarmu. Mu ci gaba da takarda kawai.

Albishirinka. An sa hannu a takardar hutuna, sati uku a watan Oktoba, kuma ranar tsere ta faɗo a tsakiyarsu. Shekara uku ke nan ina zaune a akwatin gilashi a saman ƙugiyar tashar jiragen ruwa, in ɗaga kwantena in sauke, ba abin da nake gani sai ruwa da ƙarfe. Abin da ke riƙe da ni shi ne ranar da zan zauna a cikin Tsohuwa, 'yar motar nan da Baba ya bar mini, in ga an ɗaga tuta. Mutane su yi ta dariya, mota ta girmi direbanta, sai mun wuce su su gane.

Na ba wani direban tirela saƙo ya kawo maka: turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, da lagireto babba, da kayan birki na ƙafa huɗu. A gaya wa Auta ta yi a hankali da kwalin, na san ta da buɗe kaya da guduma.

Sai tuni kan abin da muka tsayar. Injin nan mai silinda huɗu da muka ajiye a kusurwar gareji shi za a saka, don yana shiga gurbinsa ba sai an yanka komai ba. Ka san bangon ƙarfen nan da ya raba inji da ƙafafun direba. Kada a taɓa shi, Baffa. Baba ya tura kujerar nan ƙarshen layinta tun kafin a haife ni, har ta yi tsatsa a wurin, ni ma a nan kaɗai ƙafata ke miƙewa. Inci ɗaya aka ci daga gurbin ƙafa, an fitar da ni daga motar ke nan. Na san ka sani, tsawon da na gada ne ya sa nake maimaitawa.

Ɗanka,
Dogo


4 ga Maris

Ɗana Dogo,

Salamu alaikum. Takardarka ta iso, kayan ma sun iso ba abin da ya fashe. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, kowa na haƙuri da kowa. Ummanku na gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Na leƙa Innarka shekaranjiya, tana nan garau.

Aiki na tafiya. Mun fitar da tsohon injin, mun kwashe kujerun baya da duk wani tarkace, mota ta koma kwano. Auta ta fara lanƙwasa bututun keji, wato ƙarafan nan da hukumar filin tsere ta ce dole a kewaye direba da su saboda kifewa. Hannunta a walda ya fi nawa yanzu, amma kada ka gaya mata.

Ranar Talata na je wurin masu yanka motoci neman giyabos. Can na ga wani inji, na wata babbar mota ce da aka daka ta baya, gabanta ko ƙwarzane babu. Silinda shida a jere. Suka ɗora shi a kan tsohuwar taya suka tayar mini. Dogo, duk da kunnen nan nawa, a ƙirji na ji shi. Shekara talatin da huɗu ina wannan sana'a ban taɓa sa hannu a irinsa ba. Na dai yi kallo na dawo.

Abin da nake so da kai, ka aiko mini da awonka. Ka zauna a ƙasa, bayanka a jikin bango, ka miƙe ƙafa, a auna daga bango zuwa tafin ƙafarka. Sannan a auna daga ƙasa zuwa tsakiyar kanka, da hular kwano a kai. Kada ka ƙara, kada ka rage, kuma kada ka auna da kanka. Ina jira.

Baffanka


15 ga Maris

Baffa,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ni dai tun da na karanta takardarka bakina ya ƙi rufuwa. An kai ga awon kujera, ashe abin ya zo. Sau uku na karanta wurin, har abokin ɗakina ya tambaye ni ko aure aka ba ni.

Shi ya auna ni, kuma ya sha wahala, don tef ɗinsa na tela ne, sai da muka ɗaure bakinsa a ƙafar gado. Daga bango zuwa tafin ƙafa inci arba'in da shida. Daga ƙasa zuwa saman hula inci arba'in da ɗaya. Hular ta aro ce, ta wani mai babur, amma kaurinsu ɗaya da wadda zan saya. Ya ce in gaya maka da ka sani ka nema mini motar ɗaukar shanu.

Duk tashar nan yanzu an san da Tsohuwa. Mutum huɗu sun ce za su nemi hutu su zo kallo. Na samu taswirar filin na manna a cikin ƙugiya, duk lokacin da jirgi ya yi jinkiri sai in riƙa bin kwanonin da yatsa, nan birki, nan giya ta biyu, nan a take totur. Kwana ta bakwai ce ke ba ni tsoro.

Injin nan da ka gani kuwa, Baffa, a bar shi inda yake. Giwa ba ta shiga akurki. Na san halinka da inji mai kyau, idonka ya fi na yaro a gaban mai alewa.

A gaida Umma, a gaida mai walda.

Dogo


9 ga Yuni

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Wannan ita ce takarda ta uku tun bayan da na aiko awo, ban ga amsa ko ɗaya ba. Na tambayi Inna ko gwiwar ce ta kwantar da kai, ta ce kullum tana jin ƙarar guduma daga garejin, kuma an kai sati biyu ƙofar a rufe kuke aiki. Hankalina ya kwanta ta wajen lafiya, amma ruwa ba ya tsami banza.

In wani abu ne ya lalace, ka gaya mini. In turbo ɗin ne bai dace ba, zan nemo wani. Ba na jin tsoron mugun labari, shirun ne ke hana ni sakewa. Jiya har kwantena na kusa saukewa a layin da ba nata ba.

Ko layi biyu ne, Baffa.

Dogo


2 ga Yuli

Yaya Dogo,

Sallama da gaisuwa. Muna nan lafiya, Umma ta ƙone yatsa a girki amma ya warke. Yaya aiki, yaya tekunku? Abba ya ce kada in dame ka da takarda, wai ranka a ɓace yake, amma yau kam ba zan iya riƙe bakina ba.

Tsohuwa ta tashi! Ranar Asabar muka ɗora ta a bayan babbar mota muka kai ta fili, ranar gwaji ce. Da Abba ya murɗa makulli, duk masu manyan motocin nan da ke yi mana kallon banza sai ga su sun kewaye mu. Wani ya leƙa cikin bonet ya ce wannan hauka ne. Abba ya ce masa na gode.

Na yi zagaye goma sha biyu. Yaya, in ka taka ta a miƙaƙƙen layi, bayanka mannewa yake yi da kujera. A kwana kuwa kamar an ɗaure ta da igiya, Abba ya ce don nauyin injin ya dawo tsakiya ne. Kwana ta bakwai ta so ta juya da ni sau ɗaya, amma na kama ta.

Wallahi na ji takaicin hana ka hutun da suka yi. Shekara uku mutum na jira, a ce wai babu wanda zai riƙe masa ƙugiya sati uku? Da Abba ya gaya mini ka ce in hau maka ita, bayan gareji na zagaya na yi kuka, rabi na murna rabi na tausayinka. Ba zan ba ka kunya ba. Kejin ma da na haɗa daidai jikina, kowane ɗigon walda sai da na yi maka addu'a.

Ga hoto nan guda biyu, ɗaya na inji, ɗaya ni a ciki da hula. Kada ka yi dariyar hular, ta yi mini yawa.

Ƙanwarka,
Auta


11 ga Yuli

Baffa,

Ina gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Ni ma jikina lafiya.

Auta ta rubuto mini, har da hotuna. Kada ka yi mata faɗa, ita kaɗai ce ta gaya mini gaskiya a gidan nan, ita ma ba ta san ta faɗa ba.

Na ɗora hoton farko a kan gado na ƙirga wayoyin filogi. Shida. Na sake ƙirgawa ko idona ne. Na duba inda bango yake, na ga sabon ƙarfe da sabon fenti, ya shigo ciki har ya wuce inda giya take a da. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, abin da aka ci ya kai inci takwas ko tara. A hoto na biyu na ga Auta zaune daram, ƙafarta a kan birki, hularta na ƙasa da keji da kamar yatsa uku. Auta a kafaɗata take tsayawa, Baffa.

Takardar hutuna tana nan a cikin akwatina da hatimi a kai. Ba wanda ya hana ni hutu, kuma ban taɓa cewa kowa ya hau mini mota ba. Na yi kwana biyu ina nema maka uzuri. Na ce ko wata motar ce, sai na ga lanƙwasar nan ta ƙofar hagu da na yi da keke ina yaro.

Tambaya uku zan yi, ka amsa mini su yadda suke. Ina injin da muka ajiye? Yaushe aka yanka bangon, kafin awona ya iso ko bayan ya iso? Sannan in na zo a Oktoba, zan iya zama a motar ubana ko ba zan iya ba?

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban taɓa jin irin wannan ba. Amma ina jiran bakinka.

Dogo


20 ga Agusta

Ɗana Dogo,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta matsa kwanakin nan. Takardarka ta daɗe a aljihuna, na fara amsa sau huɗu ina yagawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga amsarka.

Injin da muka ajiye na ba masu yanka motoci, suka ba ni wancan. Musaya muka yi, kuma tun kafin in rubuto maka cewa kallo kawai na yi, injin yana cikin garejina a rufe da buhu.

Awonka ba don kujera na nema ba. So nake in gani ko akwai dabarar da za ta ɗauke ku ku biyu, kai da injin. Da takardarka ta zo na zana awon da alli a ƙasan motar. Na tura kujera har ta daki tudun tayar baya. Na sauke ta har ta zauna a kan kwano. Na auna sau uku. Gwiwarka tana cin sitiyari, kanka kuma ya haura keji da inci biyu, alhali dokar fili ta ce ya zama yana ƙasa da shi. Na san ba za ka shiga ba. Washegari na yanka. Inci tara ne.

Ba zan ce maka kuskure ba ne. Shekara talatin da huɗu ina canza wa mutane birki da bakin mai, mai mota ya zo ya tsaya a kaina yana koya mini aikina. Yayana, wato babanka, Allah ya jiƙansa, shi ne mai tuƙi, ni ne mai datti, haka muka tashi. Na so sau ɗaya kafin hannuna ya fara rawa in haɗa abin da za a tsaya a ce wa ya yi wannan. Da mai silinda huɗu za ka ƙare na shida ko na bakwai, a tafa maka a manta. Da wannan za a iya cin tseren. Son zuciya ne, na sani. Abin da na gaya wa Auta kuma ƙarya ce, don na san in ta san gaskiya ba za ta kunna wutar walda ba.

Ba ya mayaruwa, kada in yaudare ka. An yanke har ƙashin da ke riƙe da bangon, an sake gina shi a sabon wuri, keji kuma a kansa ya zauna.

Akwai wata takarda da na haɗo da wannan. Hukumar fili ta ce tunda motar da sunanka take, wani ba zai shiga tsere da ita ba sai mai ita ya sa hannu. Ana rufe karɓa ranar ashirin ga Satumba. Na san ba ni da bakin roƙo. Amma yarinyar nan ba ta da laifi, kuma motar ta isa a gan ta. In ka zo zan nemo wani bodin mai tsawo mu haɗa maka taka.

Baffanka


23 ga Agusta

Yaya Dogo,

Ina gaishe ka, in za ka amsa. Jikina lafiya, shi ke nan abin da zan iya cewa.

Abba ya gaya mini jiya da safe, muna tsaye a bakin gareji. Na tambaye shi sau biyu don na zaci ban ji daidai ba. Na ajiye gilashin walda a kan benci na tafi gida, yau ma ban koma ba. Umma ba ta yi masa magana tun jiya.

Ni na riƙe masa fitila lokacin da yake zana allin nan. Na ga layin ya yi tsawo, na tambaya, ya ce na tsohuwar kujera ne. Da hannuna na goge shi da tsumma, Yaya. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, da kuma takardar da na rubuto maka ina ta rawar kai.

Kada ka sa hannu saboda ni. Ba zan ɓoye maka ba, ina son motar nan, ban taɓa son wani abu kamarta ba. Amma ba zan zauna a wurin da aka fitar da kai ba.

Auta


8 ga Satumba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ka je asibiti, ka daina shafa mata man birki. Ni lafiya lau, aiki ya yi yawa.

Na karanta takardarka. Na gode da ka amsa tambayoyin yadda suke. Amma akwai ta huɗu da ban yi ba, kuma ba sai ka amsa ba, don na ga amsarta a ninke a cikin ambulan. Wata biyar ka yi shiru. Ka bar ni ina bin kwanoni da yatsa, ka bar ni na tara abokan aiki, har hula na saya. Da hukumar fili ba ta nemi sa hannuna ba, sai na sauka daga mota da jakata na buɗe ƙofar Tsohuwa sannan zan sani. Wannan ya fi yankan yi mini ciwo. Da ka rubuto a watan Maris ka ce, Dogo, ga abin da raina ke so kafin in tsufa, wallahi ban san me zan ce ba, amma da ka ba ni damar in ba ka. Kai ka koya mini riƙe sifana, me zan hana ka?

Takardar da ka aiko na dawo maka da ita ba sa hannu. Ba zan rubuta cewa na ba da aron motata ba, don ba ni da mota. A ƙarƙashinta za ka ga wata takardar, ta mallaka, na je ofis an buga hatimi. Tsohuwa ta zama ta Auta, da sunanta, ba da naka ba. Ko ta hau ko ta rufe ta da tamfol, ita ta sani, kuma kada ka matsa mata. Na rubuta mata tata daban, na ce mata wurin da take zaune ba nawa ba ne, nawa an riga an kai wa masu gwangwan. In ta ji maganata za ta hau.

Bodin da ka ce za ka nemo, ka bar shi. Ba tsere nake nema ba, Baffa, motoci sun cika duniya. A inda Baba ya zauna nake so in zauna.

Hutuna yana nan, zan zo in ga Inna. Zan zo gida in gaishe ka in gaida Umma kamar yadda na saba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ranar tsere in Auta ta hau, zan sayi tikiti in zauna cikin 'yan kallo daidai kwana ta bakwai. In an tambaye ni wa ya haɗa motar, zan faɗi sunanka, don aikin ya yi kyau. Garejin ne dai ba zan shiga ba, kuma ina roƙonka kada ka ce in shigo.

Ɗan yayanka,
Dogo